Kafin Ka Ce “Bincike Ya Nuna”

Ƙannena da Allah ya ba ku gurbin karatu a jami'a ko kwaleji a bana, ina taya ku murna. Ina kuma so mu yi magana a kan wani kwas da na san yawancinku za ku raina. Shi ne kwas ɗin nan na gama-gari da ake tara 'yan aji ɗaya a babban ɗakin lakca, mai karatun likita da mai karatun shari'a da mai karatun Hausa duk a benci ɗaya, ana koya musu yadda ake rubutun ilimi da yadda ake amfani da laburare. Tun kafin ku shiga, waɗanda suka riga ku za su ce muku ba wani abu ba ne, a haddace handawut, a samu makin tsallakewa, a wuce. Kada ku karɓi wannan shawara. A duk kwasa-kwasan shekarar farko, wannan ne zai bi ku har ranar da za ku miƙa kundin kammala digiri, ya kuma bi ku wurin aiki bayan nan.

Darasin yana da tarihi. A 1874 Jami'ar Harvard ta Amurka ta shigar da rubutun insha'i cikin jarrabawar neman shiga, sai hukumarta ta ga abin da ya tayar mata da hankali: yara daga makarantu masu tsada, waɗanda da Ingilishi suka buɗe baki, da yawansu sun kasa rubuta abin kirki. Zuwa 1885 aka wajabta wa 'yan shekarar farko kwas na koyon rubutu, sauran jami'o'in ƙasar suka bi sahu, har yau kuwa mafi yawan ɗaliban da ke shiga jami'a a Amurka sai sun bi ta kansa. Na kawo wannan ne don hankalinku ya kwanta. Idan rubutun ilimi ya yi muku wuya, ya yi wa waɗanda harshen nasu ne wuya tun kafin ku. Koyonsa ake yi, ba a haihuwar kowa da shi.

A Nijeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanya shi cikin darussan GST da kowane ɗalibi zai ɗauka. Sai dai akwai bambanci babba. A can, ajin rubutu yawanci ƙarami ne, malami ya karɓi daftarin ɗalibi, ya yi masa jan biro, ya mayar masa ya sake, har sau biyu ko uku. A nan ɗaruruwa ne a ɗaki ɗaya, wani lokaci na baya ma ba ya jin muryar malami, jarrabawar kuma a wurare da dama ta zaɓen amsa ce a kwamfuta. Malami ɗaya, komai ƙwazonsa, ba zai iya karanta rubutun kowa layi-layi ba. Don haka mutum zai iya cin kwas ɗin da maki mai kyau alhali bai taɓa rubuta shafi uku na bincike da hannunsa ba. Nauyin ya dawo kanku ke nan. Abin da ajin bai tilasta muku ba, ku tilasta wa kanku.

A sakandare an saba muku da wani irin rubutu: a ba ka take, ka zauna ka zuba abin da ke kanka cikin minti arba'in ko hamsin, a duba nahawu da tsarin wasiƙa, a ba ka maki. Rubutun bincike daga tambaya yake farawa, tambayar da kai kanka ba ka san amsarta ba tukuna. A nan ne ɗalibai da yawa ke fara tuntuɓe, domin sukan zo da take mai faɗin da ba ya ɗaukuwa. “Matsalar shaye-shaye a tsakanin matasa.” “Tasirin kafofin sada zumunta ga tarbiyya.” “Tarihin kasuwanci a Kano.” Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai cinye rayuwar malami guda bai ƙare ba, kai kuwa shafi biyar aka ba ka da mako uku. Wanda ya ɗauki take irin wannan ba abin da zai iya sai maimaita abin da kowa ya sani, ya rufe da kira ga gwamnati da iyaye da malaman addini. Matse shi. Wane kasuwanci, a wane zamani, ta bakin wa? Idan ka ce kana so ka san yadda baƙon da ya shigo Kano a tsakiyar ƙarni na 19 ya kwatanta cinikin tufafi, da kuma iya gwargwadon da za a yarda da shi, to yanzu kana da aikin da za ka iya gamawa, ka kuma san littafin da za ka nema idan ka shiga laburare. Tambaya ƙarama da aka amsa da hujja ta fi babban take da aka yi wa ado da surutu.

Daga nan sai babbar magana, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Duk abin da za ka rubuta a takardar bincike ɗayan uku ne: ko ka ji shi daga wani, ko ka gani da idonka ka auna, ko kuwa ra'ayinka ne da ka gina a kan waɗancan biyun. Aikinka shi ne kada ka bari su cakuɗe, kuma mai karatu ya iya gane kowanne. Duk ƙa'idojin nan da za su gundure ku, sunan marubuci da shekara a cikin baka, lambar shafi, jerin manazarta a ƙarshe, saboda wannan aka kafa su.

Yakan ba ni mamaki in ji ɗalibin da ya tashi a gidan Musulmi yana cewa kawo madogara wani ƙaƙale ne na Turawa. Ai mu ne ya kamata mu fi kowa gane shi. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai an faɗi wanda aka ji ta daga bakinsa, shi ma daga wa ya ji, har a dangane. Ba su tsaya nan ba, sai da suka kafa ilimi sukutum na bin diddigin masu ruwaya: wane ne mai gaskiya, wane ne mai mantuwa, wane ne ya yi zamani da wanda yake cewa ya ji daga gare shi. Darajar da littafin Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, yake da ita a yau, daga tsananin sharuɗɗansa na tantancewa ta samo asali. A ƙasarmu ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Wanda ya leƙa rubuce-rubucen Shehu Usmanu zai ga yadda yake jero maganganun magabata irin su Magili da Suyuɗi, yana ambaton mai magana da littafinsa kafin ya faɗi nasa. Waɗannan mutane ba su ga ambaton wanda suka ɗauka daga gare shi a matsayin ragin daraja ba. Da shi suke nuna cewa maganarsu tana da tushe. To idan malaminku ya ce ku bi tsarin APA ko MLA, ku sani tsohuwar amana ce ya ɗora muku, tsarin rubuta ta ne kawai ya bambanta. Inda waƙafi zai zauna da inda za a karkata haruffa, wannan abu ne na kwana biyu, akwai ma manhaja kyauta irin Zotero da ke tsara shi. Abin da manhaja ba za ta yi maka ba shi ne niyyar faɗin gaskiya game da inda ka samo magana.

Satar fasaha kala-kala ce, kuma ba duka ake yin ta da gangan ba. Kowa ya san ta mai kwafo shafi daga intanet ya manna. Akwai ta mai canza kalma biyu-uku a jimlar wani ya bar ginin jimlar yadda yake. Akwai ta mai fassara sakin layi daga Ingilishi zuwa Hausa, ko daga Larabci zuwa Ingilishi, ya ɗauka tunda harshe ya sauya, magana ta zama tasa. Ba ta zama ba. Akwai kuma wadda ta fi yawa a wurin ɗalibai masu niyyar kirki, wato ta sakaci wajen ɗaukar bayani. Kana karatu, ka ga jimla mai daɗi, ka kwafe ta a littafinka ba tare da alamar zance ba, ba sunan mai ita, ba shafi. Bayan mako biyu ka dawo, ka manta, ka ɗauka kai ka rubuta. Maganin wannan mai sauƙi ne, amma yana son horo. Kafin ka rubuta komai daga littafi, fara rubuta sunan marubuci, shekara, sunan littafin da maɗaba'a a saman shafi. Duk abin da ka kwafa kalma da kalma, sa masa alamar zance da lambar shafi nan take. Idan kuwa taƙaitawa za ka yi, karanta, rufe littafin, ka faɗa wa kanka abin da mutumin yake nufi kamar kana yi wa ƙaninka bayani, sannan ka rubuta. In ka kasa faɗa da littafin a rufe, ba ka gane ba tukuna, koma ka sake karantawa.

Kada kuma ku yi tsammanin abin yana wucewa da an ba da maki. A Jamus, ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga muƙaminsa a watan Maris na 2011, bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na dakta saboda kwafe. Bayan shekara biyu, ministar ilimi ta ƙasar, Annette Schavan, ita ma ta sauka, bayan Jami'ar Düsseldorf ta soke digirin da ta samu tun 1980. Shekara 33 takardar tana ajiye kafin ta tashi da ita. A yau da ake ɗora kundaye a intanet, ana kuma da manhajojin gano kwafe irin Turnitin, tonon ya fi na da sauƙi nesa ba kusa ba.

Faɗin inda ka samo magana rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne auna wurin da ka samo ta. Mu koma ga ɗalibinmu mai binciken Kano. Zai ci karo da shekarun sarautar Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, a littattafai da yawa, har ya ɗauka abu ne da aka rubuta a ranar da ya faru. Idan ya bi sawu, zai tarar da yawancinsu suna komawa ga tushe ɗaya, wato tsohon littafin tarihin sarakunan Kano na Larabci wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi ya buga a 1908. Littafin tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, shekarun miladiyya kuwa lissafi ne da aka yi ta hanyar ƙirgawa baya. Ba a ma san tabbacin wanda ya rubuta shi ba, kuma manyan masana irin su Murray Last da John Hunwick sun yi saɓani a rubuce kan lokacin da aka tsara shi. Wannan bai zubar da darajar littafin ba. Abin da yake koya wa ɗalibi shi ne littattafai goma da suka kwafo daga wuri ɗaya shaida ɗaya ce, ba goma ba.

Haka zai ci karo da Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da tallafin gwamnatin Ingila, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000. Barth ya ga abin da ya gani da idonsa, ya iya Larabci, ya koyi Hausa, ya kuma yi rubutu dalla-dalla. Duk da haka baƙo ne, 'yan makonni ya yi a zuwansa na farko, zazzaɓi na damunsa, akwai kuma mutanen da yake hulɗa da su da waɗanda bai taɓa zama da su ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya rubuta maƙala guda a kan zaman Barth a Katsina, inda ya nuna cewa ko shaidar gani da ido sai an tambayi wane ne mai ganin, me ya kawo shi, a ina ya tsaya yake kallo. Ina so kowane ɗan aji ɗaya ya nemi wannan maƙala, ko da ba tarihi yake karanta ba, domin tambayoyin da ke cikinta su ne za ka yi wa rahoton asibiti, da sanarwar gwamnati, da labarin jarida.

Alƙaluma sun fi komai yaudara, saboda lamba tana da kwarjini. An sha faɗa cewa Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Maganar tana da asali: a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sannan farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi ƙwarai. Amma wani nazari da aka yi da bayanan tauraron ɗan'adam, aka buga a mujallar Scientific Reports a 2020, ya nuna cewa a shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Ɗalibin da ya rubuta “kashi 90” bai faɗi daga wace shekara zuwa wace shekara ba, ya ba mai karatu hoton da bai cika ba. Haka wanda zai faɗi yawan mutanen Jihar Kano. Ƙidayar 2006 ta ba da sama da miliyan 9, duk wata lamba ta bayan nan ƙiyasi ce, sai a faɗi wanda ya yi ta. Wanda kuma zai kwatanta da alƙaluman da suka gabaci 1991, ya tuna a lokacin Jigawa tana cikin Kano. Duk lambar da za ka sa a takarda, tambaye ta abu uku: wa ya ƙirga, yaushe, ta wace hanya.

Za a ce muku ku dogara da mujallun ilimi, kuma gaskiya ne sun fi saƙon WhatsApp da rubutun Facebook nesa, domin kafin a buga maƙala a mujalla ta ƙwarai sai wasu masana sun duba ta. Sai dai ba kowace mai kiran kanta mujalla ce mujalla ba. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan maganin ciwon daji, ya cusa mata kurakuran da duk masanin fannin zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Irin waɗannan kuɗin bugawa kawai suke nema. Don haka ku tambayi malamanku da ma'aikatan laburare mujallun da ake girmamawa a fanninku. Ku koyi amfani da Google Scholar da JSTOR da AJOL, wadda ke tattara mujallun Afirka. Wikipedia ba laifi ba ce a matsayin ƙofar shiga, ku gangara ƙasan shafin ku bi manazartar da aka jera, amma kada ta zama madogararku.

Sai kuma sabon baƙo. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, na san babu ɗalibin da bai ji kwaɗayin miƙa masa jingarsa ba. Ku san halinsa: an gina shi ne ya haɗa jimlolin da suka yi kama da gaskiya, don haka yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara da shafi, duk babu su a duniya, ya kuma faɗe su ba tare da wata inda-inda ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT ya ƙaga, ba su bincika ba. Lauyoyi ke nan masu lasisi. Ƙa'idar da nake ba ku ita ce: kada ka sa wani aiki a jerin manazartarka sai ka buɗe shi da kanka, ka ga shafin da idonka. Ko da na'urar ba ta yi ƙarya ba, akwai asarar da ta fi wannan. Jingar aji ɗaya ba don malami yana buƙatar shafukanka biyar aka ba ka ita ba. An ba ka ne don kanka ya saba da wahalar tsara tunani, kuma wannan wahalar ita ce karatun. Wanda ya ba wani ya ɗauke masa ita, ya biya kuɗin makaranta ya bar abin da ya biya dominsa.

Ba duk ilimi ne ke cikin littafi ba, musamman a ƙasarmu. Mai binciken rini ko ƙira ko waƙar baka ko tarihin unguwarsu dole ya je gaban dattawa. Ku je da ladabi, ku gaisa yadda ya kamata, ku faɗi abin da ya kawo ku da abin da za ku yi da maganar, ku nemi izini kafin ku kunna rikoda. Ku rubuta sunan wanda kuka yi hira da shi, da shekarunsa, da sana'arsa, da wuri da rana. Sannan ku nemi na biyu da na uku, domin dattijo yana iya faɗin gaskiyar abin da ya ji daga kakansa, wani dattijon a ƙofa ta gaba ya faɗi tasa daban. Girmama mutum daban, tantance ruwayarsa daban, kuma ana haɗa su. Wanda yake kusa da Kaduna ya leƙa Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke garin. Na Sakkwato yana da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Na Zariya yana da Laburaren Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai ɗaliban da ke gama shekara huɗu ba su taɓa aron littafi ko ɗaya ba, wannan kuwa abin takaici ne.

Yanzu ka tara bayanai, ka auna su. Saura naka. A nan tarbiyyarmu takan riƙe mana hannu. An rene mu da kunyar musa wa babba, to yaya ɗan shekara goma sha takwas zai ce farfesa bai yi daidai ba? Sai ka ga takarda ta cika da “wane ya ce, wane kuma ya ce, wane ma ya ce”, ta ƙare ba a ji ta bakin mai ita ba. Wannan tari ne, bincike bai fara ba. Ba a ce ka yi rashin kunya ba. Ana so ka ce: wane ya faɗi kaza bisa hujja kaza, wane ya saɓa masa bisa hujja kaza, ni kuwa na fi karkata ga na biyu saboda kaza. Ka kuma kawo hujjar wanda ba ka yarda da shi ba da ƙarfinta, yadda shi kansa zai ji ya ce haka nake nufi. Muna da abin koyi a gida. Lokacin da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar hujjar jihadin Shehu Usmanu, Muhammadu Bello bai ɓoye su ba. Ya shigar da su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, sannan ya ba da amsa. Saboda haka ne har yau masu nazari ke iya karanta ɓangarorin biyu su yi nasu hukunci. Idan a tsakiyar rikici irin wannan an iya adana maganar abokin hamayya, kai ba ka da uzurin ɓoye binciken da ya saɓa wa ra'ayinka a jingar shafi biyar.

Ka kuma san iyakar abin da hujjarka za ta iya ɗauka. Idan mutum talatin ka tambaya a sashenku, kada ka ce “matasan Arewa suna ganin kaza”. Ce mutum talatin da ka tambaya. “Bincike ya nuna” da “masana sun tabbatar” kalmomi ne masu nauyi, kada su fita daga alƙalaminka sai ka shirya amsa wanda zai ce maka wane bincike, waɗanne masana.

Game da harshe, kaɗan zan ce. Manyan kalmomin Ingilishi ba sa rufe ramin tunani, malamin da ya san aikinsa yana hango ramin ta ƙarƙashinsu. Gajeriyar jimla mai ma'ana ɗaya ta wadatar. Idan tunaninka da Hausa yake zuwa, bar shi ya zo, ka warware maganar da Hausa har ta fito sarai, sannan ka rubuta ta da harshen da aka nema. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya da hujjarta. Daftarin farko kuwa ba a miƙa shi. Rubuta, ajiye shi kwana biyu, dawo ka karanta da ƙarfi, kunnenka zai kama abin da idonka ya tsallake. Ba abokinka ya karanta, ka ce ya faɗa maka a jimla ɗaya abin da ya fahimta. In abin da ya faɗa ba shi kake nufi ba, gyaran a takardarka yake. Duk wannan ba ya yiwuwa ga wanda ya fara aiki daren da za a karɓa, don haka ranar da aka ba da jinga, a ranar ake fara ta.

Na san a bakin ƙofar makarantu da yawa akwai shagunan da ake sayar da kundi gamamme, a canza suna da shekara kawai. Na san kuma za ku ga wanda ya saya ya wuce lafiya, ku da kuka wahala kuna kallo. Ku yi tunanin inda za ku kasance bayan shekara goma. Ɗayanku zai rubuta rahoton da za a duba a yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Ɗayarku za ta rubuta bayanin majiyyaci wanda likita na gaba zai dogara da shi. Wani zai rubuta hukunci, wani labarin da dubban mutane za su ji a rediyo su gaskata, wani zai hau mumbari. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai mutanen da ba su da halin bincikawa da kansu, sun dogara da cewa kun bincika. Wanda ya saba tun aji ɗaya da rubuta abin da bai tantance ba, ba ranar da aka ba shi ofis zai sauya hali ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ina roƙonku, a wannan zangon karatu, kada ku jira a tilasta muku. Ku je laburare a makon nan ku yi rajista, ku gaida ma'aikacin da ke kan tebur ku ce ya nuna muku yadda ake neman littafi da mujalla a fanninku. Ku zaɓi tambaya ɗaya ƙarama da ta dame ku da gaske, ku nemo ayyuka uku da suka taɓo ta, ku karanta su da biro a hannu, ku rubuta shafi uku. Sannan ku kai wa malamin kwas ɗin a ofishinsa, ku roƙe shi ya duba muku ko da ba maki a ciki. Mafi yawan malamai suna murna da ɗalibin da ya zo da irin wannan roƙo. Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama lafiya.